Fitilar da Hamma Ke Kunnawa da Tsakar Rana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Hamma ya riga mu. Wana ne, ciki ɗaya, kuma a gidansa na unguwar Turaki nake zaune tun da mijina ya rasu. Ni ban taɓa shiga aji ba. 'Yarsa ta biyu ce ke riƙe da biro ina faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta zuba wa maganata suga.

Ranar da aka kai shi gida ya cika har layi ya toshe. Mahauta sun zo, waɗanda ya sha sa su binne nama a bayan kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa gabana yana kuka da majina, yana cewa, "Goggo, rabin bijimi ya taɓa binne mini, wallahi na zage shi har iyaye, ga shi yau ƙafata ta ƙi ɗauka ta." Na ce masa ya tashi ya share hanci, iyayen da ya zaga nawa ne. 'Yan ƙungiyarsu ma sun zo, ta masu kula da lafiya da tsaron rai a wuraren aiki. Akwai Sista ta asibiti, akwai sakatarensu mai yawan surutu wanda ranar ya rasa bakin magana, akwai Injiniya, mutumin kudu, da ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma ƙafafu a miƙe yana ta "Sannu, Goggo, sannu," don iyakar Hausarsa ke nan.

Ni ban yi kuka a gaban mutane ba. Kallo na yi. Na ga duk ɗan ƙungiyar da ya shigo zaure sai ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke jikin bango, inda fitilar Hamma ke ratayewa, ya ga ba komai, ya sunkuyar da kai da sauri. Na ga in sun zo wucewa ta gefen rijiyarmu sai su taɓa murfin da ƙafa, kamar yadda yake yi, ba su ma san sun yi ba. Na ji wata maƙwabciya tana raɗa wa wata cewa fitilar ta riga mai ita fita daga gidan, dama abin ba na lafiya ba ne. Na kalle ta har ta tashi ta koma kicin.

Mutum ɗaya nake jira ya shigo, wani tsoho mai haƙar rijiya daga Yelwa. Aka yi uku bai zo ba. Aka yi bakwai bai zo ba. Saboda shi na sa a rubuta wannan, don Hamma ya tafi da haƙƙin mutumin nan a ransa, kuma ba na so 'ya'yansa su ji labarin a bakin masu raɗa.

Hamma duba-gari ne tun zamanin jihar Gongola. Dogo, marar fara'a, hancinsa ya fi na kowa aiki. In ya shiga gida, kafin ya amsa gaisuwa ya leƙa randa, ya leƙa salga, ya bi kwata da ido har waje. Ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko a gidan biki. In yaro ya bar wuƙa a ƙasa ba ya duka, sai ya tsaya a kanta shiru har wanda ya bari ya zo ya ɗauke. Matarsa takan ce zama da shi kamar zama da alƙali ne wanda ba ya tashi daga shari'a. Amma shi ne wanda, da mijina ya rasu, ya zo da kansa ya ɗaure mini kaya, bai tambaye ni ko ina so ba, ya ce, "Tashi, ɗakinki na can, na sa an toshe ramin ɓera." Ta'aziyyar da ya yi mini ke nan, kuma ta ishe ni.

Da aka ba mu jiha, garin nan ya cika da ma'aikata daga ko'ina. Duk kangon da aka manta da shi aka share, aka yi masa fenti, aka sa haya. A Yelwa akwai wani gida da ya daɗe ba kowa, da tsohuwar rijiya a rufe da faifan ƙarfe da duwatsu. Mai gidan ya kira tsohon nan da 'ya'yansa biyu su yashe ta. Manya ne, babban har da mata da goyo. Ranar ina gidan suna a maƙwabta, Hamma kuma ya je duba salgar gidan kafin 'yan haya su tare.

Hantsi ne, rana fes. Muna tsakiyar rabon shinkafa muka ji ihu. Ko da na isa, babban ya sauka bai amsa kira ba, ƙaramin ya bi shi, shi ma shiru. Uban ya riga ya zura ƙafa ɗaya. Hamma ya rungumo shi ta baya suka faɗi tare. Tsohon yana da ƙarfi, hannun diga ne, ya fasa wa Hamma leɓe, ya yage masa kaki. Hamma ya jawo igiyar guga ya ɗaure shi a jikin bishiyar mangwaro, hannu da ƙugu, yana haki yana cewa, "A kawo fitila! Fitila na ce!"

Mutane suka ɗauka ya zautu. Wata mata ta kawo fitilar ƙwai. Ya kunna, ya ɗaura mata wata igiya, ya zura a hankali. Duk muka leƙa. Ba ta yi nisa ba wutar ta yi ja, ta tsuke, ta koma kamar ƙwayar gero, ta mutu. Ba iska, ba ruwa, ba wanda ya hura. Hamma ya ce, "Iskar ciki ta mutu. Abin da ya kashe wutar nan zai kashe duk wanda ya sauka. Ba mai shiga."

Tsohon yana jikin bishiya yana fizga har igiya ta ci fatarsa. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ranar kowa ya gane. "Yarona yana nishi! Duba-gari, kana ji! Kwance ni, yana kira na!"

Na kasa kunne. Ina tsaye a bakin rijiyar, yatsun ƙafata a kan dutse. Wallahi ban ji komai ba. Na tambayi matan da ke wurin daga baya, ba wadda ta ji. Amma Hamma ya juya ya dubi tsohon, jini na zuba a haɓarsa, ya ce, "Ina ji. Ni ma ina ji. Ba zan kwance ka ba."

Aka yi ta zura laima a buɗe ana jawowa don iska ta sauya, aka yi ta fifita da rassa. Sai bayan azahar fitila ta sauka har ƙasa da ranta. Aka fito da su da ƙugiya. Da aka kwance uban bai yi kuka ba. Ya tsaya gaban Hamma ya ce, "Ka ɗaure ni kamar akuya ina jin ɗana. Ba zan yafe ba. Nan ba zan yafe ba, can ma ba zan yafe ba."

Hamma ya saya wa matar nan sabuwar fitila, ya riƙe tsohuwar. Ita ce ta ƙusar zaure.

Daga ranar wani abu ya shige shi. Yana cikin cin tuwo sai ya ajiye loma, ya karkata kai gefe kamar mai jin sallama daga nesa. In matarsa ta ce, "Lafiya?" sai ya ce, "Ci abincinki." Na taɓa samun sa da la'asar tsugune a bakin rijiyarmu, kunnensa a kan murfi. Da ya gan ni bai ji kunya ba. Ya ce, "Ke ba ki ji ba ranar, ko?" Na ce ban ji ba. Ya ce, "Allah ya taimake ki."

Bayan wannan ne suka kafa reshen ƙungiyarsu a nan Jalingo, shi da Injiniya da Sista da wasu, aka ba shi shugabanci. Taronsu na shekara bayan kaka ake yi, a wani ajin firamare a unguwar Sarkin Dawaki, ranar da ba makaranta. Ni ke dafa musu, shinkafa da miya da kunun gyaɗa, in kafa murhu a gindin taga. Ba a gayyace ni ciki ba, ban kuma nema ba, taga ta ishe ni. Nan na ji maganar hular kwano ga masu gini, da baƙin gilashi ga masu walda, da masu injin katako da ke rasa yatsu, da masu feshin gona da ke zuba gishiri a gwangwanin magani, da masu kwana da jarkar fetur a ɗaki lokacin wahalar mai. Su yi ta gardama, rabi Turanci rabi Hausa, su yi zaɓe, su yi faɗa a kan wa aka ba tsoka wa aka ba ƙashi.

Amma kafin duk wannan akwai abin da Hamma ya kafa. Ana gobe taro, sai ya goge fitilar, ya zuba kananzir, ya gyara lagwani, ya aika da ita gidan tsohon a Yelwa da saƙo guda: ya zo ya kunna ta da hannunsa, an ajiye masa kujera. Da safe sai mu tarar da ita a ƙofar gida, a tsaye, ba a taɓa lagwanin ba. Hamma ya ɗauka ya tafi da ita. A wurin taro ya ɗora ta a tebur ya kunna, rana tsaka, tagogi a buɗe. A gefen tebur kuma ga kujerar katako da aka ɗauko daga gidanmu, ba mai zama. Kowa ya yi shiru har sai ya ce, "To, bismillah."

Sakatare ya raɗa masa suna Baba Fitila. Yakan ce, "Ranka ya daɗe, da kuɗin kananzir ɗin nan ai da an ƙara mana nama." Hamma ya ce, "Kai ko an ƙara, na Sista za ka kalla." Aka yi dariya, ban da shi.

Wata shekara wani babba daga ma'aikatar gwamnati ya zo baƙunta, da babbar riga da turare, ya ga kujera a gaba ya zauna. Hamma ya taso ya tsaya a kansa kamar yadda yake tsayawa a kan wuƙar yara. Mutumin ya duba hagu, ya duba dama, ya yi tari, ya tashi ya koma benci.

Modibbon unguwarmu ma, wato malaminmu, ya taɓa tare shi a zaure, ina jin su daga tsakar gida. Ya ce, "Ana cewa kana kunna wa matattu wuta, kana ajiye musu wurin zama. Wannan ba namu ba ne." Hamma ya ce, "Allah ya gafarta Modibbo, matattu ba sa bukatar kananzir. Mai kujerar nan yana da rai, yana Yelwa, jiya ma an gan shi a kasuwa. Fitilar kuma don waɗanda ke ɗakin ne, su san akwai abin da ke kashe mutum ba a ganin sa." Modibbo ya ce, "To ka roƙi Allah gafara ka huta." Hamma ya ce, "Na Allah na roƙa. Wannan na mutum ne." Suka yi wata ba su gaisa da kyau ba. Modibbon ne ya yi masa salla.

Akwai abin da na gani sau ɗaya, zan faɗa yadda na gan shi. Ana cikin shirun nan, wutar fitilar ta yi ja ta tsuke, daidai yadda ta yi a rijiya. Ganye ko ɗaya ba ya motsi a waje. Hamma ya miƙe ya ce kowa ya fita. Manyan mutane da takardunsu suka tsaya a rana. Ya shinshina kowane lungu, Injiniya ya duba rufi, ba a sami komai ba. Sista ta ce an gauraya kananzir ɗin da ruwa ne. Wataƙila. Ni na sayo shi, kuma da ragowarsa na yi wata ina kunna tawa.

Bana ciwo ya kwantar da shi tun damina. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Taro da saura, amma ya ce a sauko da fitila. Ya goge ta a kan gado, ya ce, "Ba aike za a yi ba. Ke za ki kai."

Na yafa mayafi na tafi Yelwa. Na sami tsohon a ƙofar gidansa yana wasa bakin diga. Ya tsufa, wuya duk jijiya. Ya ga abin da ke hannuna ya ci gaba da aikinsa.

Na ce, "Baban yara, sannu da aiki."

Ya ce, "Mama, lokaci bai yi ba. Ko shekara ya yi gudu?"

Na ce, "Mai ita ne ba zai kai lokacin ba. Yana neman yafiyarka."

Ya tofa yawu a dutsen wasa. "Ya dawo mini da yarana."

Na ce, "Da bai ɗaure ka ba, da ku uku aka sa wa ƙugiya. Wa zai riƙe jikanka?"

Ya ɗago ya dube ni. Idonsa ba fushi, ba komai, kamar ka leƙa randar da ba ruwa. Ya ce, "Wa ya ce masa ina so in fito?"

Na ajiye fitilar a gabansa na juyo.

Washegari Hamma ya ce, "Duba ƙofa." Na duba, ba komai. Kullum da safe tambayarsa ke nan, kafin magani, kafin kunu. "Ta dawo?" In ce, "Ba ta dawo ba." Sai ya lumshe ido. Ban taɓa ƙara masa ko kalma a kan haka ba, ban ce an yafe ba, don ba a ce mini ba. Ranar Laraba da hantsi ya tambaya, na amsa, ya karkata kai gefe kamar yadda ya saba, ya daɗe yana saurare. Ya yi shahada. Shi ke nan.

Bayan arba'in aka yi taron bana. Injiniya ne ya hau shugabanci. Babban ɗan Hamma ya ce mini, "Goggo, a bar kujerar nan a gida, abin ya wuce." Na ce a ɗora ta a amalanke tare da tukwane, in ya ga dama ya sauke ta da hannunsa. Bai sauke ba. Sakatare ya sayo sabuwar fitila fil, da takardarta a jiki. Na leƙa ta taga na ce, "Kada wanda ya kunna wannan. Ba ta san komai ba." Ya ajiye ashana.

Aka yi addu'a ta Musulmi, aka yi ta Kirista. Ana cikin shiru na hango tsohon nan na Yelwa daga bakin filin makaranta. Rana a tsakiyar kai, shi kuma yana tafe a hankali da fitila a kunne, mutane na tsayawa a hanya suna kallo. Bai yi sallama ba. Ya shiga, ya ɗora ta a tebur, ya dubi kujerar, ya zauna. Katakon ya yi ƙara. Sista ta toshe baki da gyale.

Damtsensa a ɗaure yake da tsumma. Ya kwance ya nuna musu, shatin haƙora ne, ya kumbura.

Ya ce, "Fitila ɗin nan, ban riƙe don alheri ba. Na ce bana ba zan mayar ba, zan jefa shi a rijiya in huta. Na sa a buhu da diga. Makon jiya aka kira ni bayan gari. Kafin in kai, ɗaya ya riga ya sauka. Ƙaninsa ya sa ƙafa." Ya dubi tafin hannunsa. "Na ɗaure shi. Da igiyar guga. Ya cije ni nan. Na zura fitila, ya mutu. Yanzu in ya gan ni a hanya yana tofa yawu."

Sai na ga kaina a cikin ajin, ludayi a hannu, ni da ban taɓa tsallake ƙofar nan ba.

Na ce, "Baban yara, labari na ji. Abin da na je nema Yelwa ban ji ba. Mutum na kwance yana jira. Ka yafe ko ba ka yafe ba?"

Ya ce, "Na yafe, Mama."

Na ce, "Nan kawai, ko har can?"

Ya ce, "Nan da can. Ku shaida."

Ɗakin ya amsa, kowa da harshensa. Sakatare ya kifa kai a benci. Na juya zan koma ga tukwanena, tsohon ya kira ni.

"Mama. Wancan yaron da na ɗaure, ya ce yana jin wansa yana nishi. Ni ban ji ba. Amma na ce masa na ji, don kada ya ɗauka shi kaɗai." Ya dube ni. "Ke kina wurin ranar. Duba-gari ya ji da gaske, ko ya faɗa mini ne kawai?"

Na ce, "Ni ban ji ba. Shi kuwa har ranar da ya koma ga Allah yana ajiye loma yana kasa kunne."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To yanzu saura ni."

Da aka tashi na cika masa kwano, ya ci a kan kujerar, ya sha kunu. Injiniya ya sa Sista ta tambaye shi ko zai dawo baɗi ya yi wa masu haƙa magana. Ya ce in yana da rai. Ya rage lagwani, bai kashe ba, ya ɗauki fitilar ya fita da ita yadda ya zo.

Da na koma gida ban tuɓe mayafi ba na shiga ɗakin Hamma. Gado a gyare, takalmansa a jere, bakinsu na kallon ƙofa. Na tsaya na faɗa da ƙarfi, yadda zai ji ko da ya karkata kai wani wajen: "Hamma, ya yafe. Nan da can. A gaban shaidu." Sannan na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba.

Ya Allah, Kai ka san abin da bawanka ya ji a bakin rijiyar nan, mu ba mu sani ba. Ka ɗauke masa shi. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanya masa iska mai daɗi da hasken da ba ya tsukewa, Ka jiƙan yaran nan biyu, Ka sassauta wa ubansu. Mu da muka rage Ka sa mu cika da imani.

Ƙusar tana nan a zaure. Jiya matar babban ɗansa ta rataya buhun albasa a kai, na sa ta sauke.